Ƙaramin-Aiki da Fumfunar Tantin Surukinsa

"Ni fa, Baba, ban ga abin da zai lalace a hannuna ba. A ba ni ƙarfe, a ba ni katako, a ba ni yadi, in dai ya kwana a gidana to ya tsira. Kai ko lalatacce aka kawo mini, tsorona kawai ya isa ya sa ya gyaru."

Mai wannan magana, abokina, wani bawan Allah ne da unguwa ta daɗe da manta sunansa na gaskiya. Ƙaramin-Aiki ake ce masa, don babu abin da za ka kawo masa bai ce maka "ƙaramin aiki ne" ba. Fankarka ta tsaya, ƙaramin aiki ne. Rufin ɗakinka ya rufta, ƙaramin aiki ne. Ya taɓa gyara wa maƙwabcinsa famfo, har yau in an murɗa na banɗaki, na kicin ke zuba. Ma'aikacin ofis ne, aikinsa buga wa takardu hatimi daga safe zuwa yamma, amma sukudireba ce a aljihun gaban rigarsa inda sauran mutane ke sa biro.

A falon surukinsa ya yi wannan cika baki, kuma da dalili. Baba tsohon ma'aikacin safiyo ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a daji yana awon ƙasa. Abin da ya rage masa na wancan zamani wata 'yar tirela ce da ake ɗaura wa mota a baya. In ka gan ta a rufe sai ka ce akwati ne mai taya, amma in aka buɗe ta aka ɗaga sandunan, sai koren tanti ya miƙe, da ƙofarsa mai zif, da tagogi, da gado dama da hagu. Baba yana ji da ita fiye da yadda yake ji da wasu daga cikin danginsa. To yanzu tsufa ya zo, zai koma wani gidan bene da ba shi da gareji, dole ya bar ta ga ɗaya daga cikin mazan 'ya'yansa biyu.

Ɗayan surukin shi ne mijin ƙanwar matar Ƙaramin-Aiki, wani shiru-shiru da ake kira Mai Kemis saboda shagon maganinsa. Yana zaune a gefe yana juya kofin shayi.

Baba ya dubi wannan, ya dubi wancan, sannan ya ce wa Ƙaramin-Aiki, "Tun da kai ka fi baki, ɗauke ta. Ta yi damina a wurinka. In ruwa ya ɗauke zan zo in duba. Na same ta lafiya, ta zama taka, in danƙa maka maƙullinta. Na same ta ba lafiya, ta koma gidan ƙaninka."

"Baba, ka ɗauka ta riga ta zama tawa. Ƙaramin aiki ne."

Kada ka yi zaton kwaɗayin tirela kaɗai ke cin mutumin namu. Yana son ta, ba shakka, har ya riga ya gaya wa 'yan ofis cewa tasa ce, ya yi wa manajansu alkawarin aro. Amma abin da ya fi damunsa shi ne tun da ya auri 'yar Baba, tsohon bai taɓa ce masa "ka kyauta" ba. In an zo shawarar gida, Mai Kemis ake waiwaya. Wannan abu yana yi masa ciwo ƙwarai, ya kuma ƙudura a ransa cewa da wannan tanti zai karɓi girmansa.

Ran da ya jawo tirelar gida, bai ko cire takalmi ba ya kafa tantin a tsakar gida, ya yi masa wanka na gani na faɗa. Yana gamawa hadari ya taso. Ya yi maza ya naɗe shi yana ɗiga, ya danna murfi, ya tura tirelar gareji.

Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da ƙugu. "Abban yara, ai a jiƙe ka naɗe shi."

"Ke dai je ki ji da abin da kika sani. Danshi abincin yadi ne. Iska ita ce abokiyar gabarsa, ita ke busar da shi ya tsattsage."

Don kada abokiyar gabar ta sami hanya, ya sayo ƙatuwar leda ya lulluɓe tirelar kaf, ya bi gefe-gefe da salatif, ya toshe tagar gareji da kwali, ya cusa tsummokara a ƙarƙashin ƙofa. Ya sa kwaɗo ya hana kowa shiga. Duk tsawon damina, in ya wuce ta gaban garejin sai ya bubbuga ƙofar ya yi murmushi, ya ce da kansa, "Ko a banki ba a yi wa kaya irin wannan ajiya."

Ruwa ya ɗauke. Baba ya bugo waya ya ce yana nan tafe ƙarshen mako, shi da Mai Kemis. Ƙaramin-Aiki ya kira matarsa ta zo ta ga aikin masana, ya yanke leda, ya ɗaga murfi.

Warin ne ya fara gaishe su. Matar ta yi baya tana toshe hanci da mayafi, kyanwar gidan ta haura katanga. Da aka ɗaga sanduna tantin ya miƙe, sai ga fumfuna ta yi gari a jikinsa, baƙa da fara da ruwan toka, wata har da gashi. Rufin ya yi ɗigo-ɗigo, kusurwoyin sun yi baƙi ƙirin. Amma bakin Ƙaramin-Aiki bai mutu ba.

"Wannan ai ba komai ba ne. Alamar yadin na da rai ke nan."

"Da rai kam, har ya haihu," in ji matar. "Don Allah ka kira Baba ka gaya masa gaskiya. Tantinsa ne, ya san yadda yake yi da shi. Faɗa ne dai, zai yi ya gama."

"In kira Baba? In ce masa me? Don Mai Kemis ya zauna yana juya shayi yana yi mini dariyar ciki? Allah ya kiyaye. Ɗauko mini ruwan bilic ɗin da kike wa fararen kaya."

"Ai sirka shi ake yi."

"Matsorata ke sirkawa."

Ya tuttula shi tsura a kan duk inda ya ga baƙi, ya sa buroshin ƙarfe ya dirje har hannunsa ya yi kanta. Gaskiya ɗaya ce, fumfunar ta tafi. Sai dai ba ita kaɗai ta tafi ba, ta ja koren launin sun tafi tare. Kafin rana ta karkata, tantin Baba ya koma dabbare-dabbare, nan fari, nan kore, nan wani launi da ba shi da suna.

Matar ta leƙo ta taga. "Sannu da aiki, Abban yara. Akuya muka samu?"

"Matakin farko ke nan. Ba a yi wa likita dariya yana tsakiyar tiyata."

Washegari ya shinshina yadin ya ji har yanzu da sauran wari. Nan take ya gano cewa fumfuna na da saiwa, saiwa kuwa ba ta mutuwa sai da wuta. Ya kwance yadin daga sandunansa, ya hura wuta a ƙarƙashin duro, ya cika shi da ruwa, ya danna tantin ciki yana juyawa da muciya. Maƙwabta suka yi ta leƙowa ta katanga suna tambaya ko taro za a yi a gidan. Ya ce musu kimiyya ce, su matsa kada ta fallatsar musu.

Da ya tsamo shi, sai ya ga bilic da datti sun yi masa jirwaye. Bai yi wata-wata ba ya cusa shi a but ɗin motarsa, sai wurin wankin mota. Mai wankin ya shimfiɗa yadin a kan siminti, ya ɗauko bindigar ruwa, ya tsaya yana sosa kai.

"Oga, in rage mata ƙarfi? Wannan fa tayar babbar mota ake wankewa da ita."

"Ƙure ta. Ni na san abin da nake yi."

Aka ƙure. Wani abu mai santsi kamar kaki ya riƙa fita daga jikin yadin yana bin kwata, Ƙaramin-Aiki yana nuna shi da yatsa cikin murna.

"Ka gani ko? Tsohon dattin shekara da shekaru ke nan. Tsoho ya yi ta kwana a cikin ƙazanta bai sani ba."

Abin da ya bi kwatar nan, abokina, shi ne maganin da ke hana ruwa ratsa tanti. Amma wa zai gaya wa Ƙaramin-Aiki? Ya naɗe abinsa ya koma gida yana fito.

Wajen mayar da yadin kan sanduna aka yi ta. Tafasar da ya sha ta sa ya tsuke, ya zama kamar rigar yaro a jikin ƙato. A ja nan, can ya ɓalle. Ya sa matarsa ta riƙe kusurwa ɗaya, shi ya taka taya da ƙafa yana ja da iya ƙarfinsa, jijiyoyin wuyansa duk sun fito.

"Ja mana! Ba ki ci abinci ba ne?"

"Ni na ja iya jana. Tantin nan fa ya rame."

"Ba rama ba ce, ɗamewa ce. Haka na zamani suke."

Da ƙyar da jiɓin goshi suka ɗaura shi. Sandunan suka lanƙwashe, ɗinkin ya riƙa ƙara ƙas-ƙas, zif ɗin ƙofa kuwa sai an haɗa da addu'a yake motsi. Saura matsala ɗaya, wato launi. Baba ya ba da koren tanti, ba zai karɓi mai dabbare ba.

A nan ne basirar Ƙaramin-Aiki ta kai ƙarshenta. Yana kwance yana kallon silin sai ya yi zumbur ya tashi. Wane kore ne a duniya ya fi kowanne kama jiki? Tawadar hatimi! Shi fa shaida ne. Takardun da ya buga wa hatimi tun yana saurayi suna nan a kabad ɗin ofis, kore shar, ko kaɗan ba su koɗe ba. Bai tsaya ya tambayi kansa ko an taɓa yi wa kabad ɗin ofis ruwan sama ba. Ya garzaya shagon kayan rubutu ya kwashe duk kwalaben koriyar tawada da ke kan kanta, har mai shagon ya tambaye shi ko sabuwar ma'aikata zai buɗe. Ya juye su a bokiti, ya ɗauko rolar fenti, ya bi tantin ciki da waje, bai bar ko tafin hannu ba.

Kai, in ka ga tantin nan da ya bushe, sai ka sara wa mutumin. Ya yi kore shar yana ɗaukar ido. Ita kanta matar sai da ta fito ta tsaya kallo. Ya ƙarasa da feshe cikin da kwalbar turarenta guda, ya tsaya ya harɗe hannu.

"Yanzu me kika ce?"

"Na ce Allah ya sa mu ga alheri."

Ranar zuwan Baba, Ƙaramin-Aiki ya ci ado da fararen kaya tun daga hula har takalmi, don a cewarsa ba a karɓar maƙulli da kayan gida. Motar Mai Kemis ta tsaya, Baba ya fito da sandarsa. Aka gaisa, aka kawo ruwa, tsohon ya ce a bari sai ya ga abin da ya kawo shi. Ya zagaya tantin a hankali, ya tsaya, ya sake zagayawa. Ya dubi sandunan da suka lanƙwashe, ya shaƙi iska, ya yi atishawa.

"Ya yi kore," in ji Baba.

"Kulawa ce, Baba. Yadi kamar ɗan Adam yake, in ya sami hutu sai jininsa ya dawo."

"Kamar kuma ya ƙanƙance."

"Ido ne, Baba. Tsakar gidan nan tana da faɗi, komai ka ajiye sai ya yi ƙarami."

Baba ya gyaɗa kai. "To madalla. Amma ni ba da ido nake duba tanti ba, da ruwa nake dubawa. Kai Mai Kemis, jawo tiyon can. Zan shiga ciki in zauna, ka sakar mini ruwa a rufi." Ya jingina sandarsa ya fara cire takalmi.

Ƙaramin-Aiki ya ɗaga kai ya dubi rufin. Bai san tantin zai yi yoyo ba, amma wani abu a ransa ya ce masa kada ya yarda tsohon nan ya shiga. In ma akwai ɗan ɗigo ɗaya ko biyu, gara ya faɗo a kansa, ya shanye abinsa ba wanda ya sani. Ya yi tsalle ya tare ƙofa.

"Haba Baba! Ina raye ka sunkuya da wannan bayan naka? Ni zan shiga. Duk abin da na gani zan faɗa maka."

"Ka tabbata?"

"Ko ɗigo ɗaya ya sauka, kai za ka fara ji."

Ya shige ya zauna a bakin gado ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Mai Kemis ya kama zif ya yi ta kokawa da shi har ya rufe, ɗan ƙarfen da ake ja ya ɓalle ya biyo hannunsa. Ya dube shi, ya sa a aljihu. Aka murɗa famfo.

Da farko sai ƙarar ruwa a kan rufi, mai daɗi, har Ƙaramin-Aiki ya fara murmushi. Can sai ya ji ɗis a kan hancinsa. Ya shafa, ya duba yatsa, ya ga kore. Kafin ya gama mamaki wani ya sauka a kafaɗa, wani a gwiwa, sai rufin gaba ɗaya ya fara tsiyaya kamar rariya.

"Yaya ciki?" Baba ya ɗaga murya daga waje.

"Ƙamas, Baba! Ko ɗigo!"

"Madalla. Mai Kemis, ƙara masa."

Aka ƙara. Ya koma gadon hagu, ruwa ya bi shi. Ya koma na dama, ya tarar an riga shi. Ya cire hula ya tara, ta cika ta tumbatsa. Ya ɗora matashi a ka, matashin ya jiƙe ya riƙa matso masa koren ruwa ta bayan wuya. Tawada ta shiga masa kunne, ta bi gemu, ta gangara cikin riga.

"Har yanzu lafiya?"

"Lafiya lau, Baba! Ni ƙishirwa ma nake ji!"

Abin da bawan Allah bai sani ba shi ne, daga waje ba abin da ya ɓuya. Tun zubin farko koren ya fara wankewa yana gangarowa, ya malale tsakar gida ya nufi kwata. Farare-fararen tabon bilic suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, ga sawun buroshin ƙarfe, ga ɗinki yana buɗe baki. Baba ya daɗe yana kallon tantin da ya yi rabin rayuwarsa a ciki, ransa ya sosu, har ya cire tabarau ya goge. Amma da ya ji muryar surukinsa tana rantsuwa daga cikin wannan kwaɓa, sai dariya ta ci ƙarfin baƙin cikin. Ya ce a kawo masa kujera.

Maƙwabta sun riga sun jeru a kan katanga. Matar ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Shi kansa Mai Kemis, da ba a taɓa ganin haƙoransa ba, ranar an gan su.

Baba ya gyara zama. "Ɗana, ba ka gaji ba?"

"Ina! Ai barci ma ke ɗaukata, Baba, don daɗin wurin!" Aka ji ya yi tari, ya tofar da wani abu.

"To kada mu katse masa barci. Mai Kemis, koma ta ɗaya gefen."

Sai da matar ta durƙusa a gaban mahaifinta. "Baba, don Allah ka yi masa rai. Shi fa ba zai taɓa cewa ya isa ba, sai dai mu kwana a nan."

Baba ya ɗaga hannu aka kashe famfo. "To fito, mun gamsu."

Aka ji ana kokawa da zif. Aka ji an tsaya. Aka sake jin kokawa.

"Baba, ina zuwa. Ina ɗan duba ingancin ƙofar ne."

Ya ja sama, ya ja ƙasa, zif ya ce bai san zance ba. Da ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, ya ja da baya ya banki ƙofar da kafaɗa. Ɗinkin da bilic ya riga ya cinye ya yage tun daga sama har ƙasa, mutumin ya faɗo waje da rarrafe, ya dire a gaban kujerar Baba.

Jama'a, ba ku ga halitta ba! Daga tsakar kai har tafin ƙafa kore ne shar, fararen kayan nan sun zama tarihi. Idanu da haƙora kaɗai suka tsira. Wata tsohuwa a kan katanga ta yi salati, kyanwar da ta dawo gida jiya ta sake haurawa. Ya miƙe yana ɗiga, ya matse hular, ya mayar da ita kansa, ya gyara mata zama.

"Baba, kada ka damu da wannan. Gumi ne. Cikin akwai ɗumi sosai."

Baba ya dube shi sama da ƙasa. Ya laluba aljihu ya ciro maƙullin tirelar. Ƙaramin-Aiki ya goge koren hannunsa a koriyar rigarsa ya miƙo duka biyu. Maƙullin ya wuce ta gaban hancinsa ya sauka a tafin Mai Kemis.

"Kai, ja tirelar ka tafi da ita, ka nemi mai ɗinkin tamfol ya yi mata sabon yadi. Wannan tsohon kuwa a kwance a bar wa yayanka, na ga sun shaƙu, har sun fara kama."

Ya ɗauki sandarsa ya nufi mota. Da ya kai bakin ƙofa sai ya tsaya, ya waiwayo ya kira 'yarsa.

"Na'am, Baba."

"Wannan mijin naki, ki shanya shi a rana ya bushe sosai kafin ki shigar da shi ɗaki. In kika ajiye shi a jiƙe, shi ma fumfuna zai yi."